Kewaya, Ratse da Baifas: Tarihin Wata Ma'ana a Ƙasar Gaya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin fassara, ko a gidan rediyo ko a gidan jarida ko a kotu, ya san akwai wasu kalmomin Ingilishi masu saukin ganewa amma masu wuyar juyawa zuwa Hausa. Daga cikinsu akwai aikatau guda biyu masu ma'anar bin gefen abin da ya tare hanya, watau 'circumvent' da 'bypass'. Abin da mai fassara ya saba yi shi ne ya ɗauko 'kewaya' ko 'kauce wa' ya sa a duk inda ya ci karo da su, ya yi gaba abinsa. Sau da yawa hakan yakan yi daidai. Amma wani lokaci yakan ɗora wa mai dabara laifi, ko kuwa ya wanke mai laifi, alhali kuwa bai yi niyyar ko ɗaya ba.

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan ma'ana tana da tarihi a ƙasar Hausa, kuma Hausa ta daɗe da rarraba ta bisa ga tambayoyi biyu: wane ne ya kewaya, kuma mene ne aka kewaye. Mun zaɓi ƙasar Gaya da ke gabashin Kano ta zama wurin dubawa, watau garin Gaya da Ajingi da garuruwa irin su Gafasa, wadda a yau take ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ajingi. Dalilinmu kuwa shi ne, wannan yanki ya ga zamanin da matafiya suke kewaye haɗari, ya ga zamanin da 'yan kasuwa suke kewaye haraji, sa'an nan ya ga zamanin da hanya da kanta ta kewaye shi.

2.0 Asalin Kalmomin Biyu

Kalmar 'circumvent' daga Latin ta fito, inda aka haɗa wata kalma mai nufin 'kewaye' da wata mai nufin 'zuwa'. A bakin Rumawa ta fi tafiya da yaƙi, watau a yi wa abokin gaba zobe ta yadda ba shi da mafita, daga nan kuma ta ɗauki ma'anar rinjayar mutum da wayo. Da wannan ma'ana ta yaudara ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 15 zuwa na 16. Daga baya ne ta koma nufin samun hanyar wuce wata doka ko wani sharaɗi ba tare da an tunkare shi gaba da gaba ba, kuma wannan ce ma'anarta mafi rinjaye a yau. Har yanzu dai warin wayo bai rabu da ita ba.

Ita kuwa 'bypass' ƙanƙanuwa ce a shekaru, kuma a ma'aikata aka haife ta. A tsakiyar ƙarni na 19 suna ce ta wani ɗan bututu da ake ɗaura wa babban bututun iskar gas, don iskar ta sami wucewa ko da an rufe babban. A shekarun 1920, da motoci suka yawaita a Ingila, sai aka ba da sunan ga titin da aka gina don ya bi bayan gari. A shekarun 1950 likitoci suka are ta don tiyatar zuciya. Abin lura a nan shi ne, tun farkonta wannan kalma tana nufin abin da hukuma ko ma'aikaci ya ƙera da gangan, saboda haka babu zargi a cikin asalinta.

3.0 Abin da Hausa Take da Shi

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Akwai 'kewaya', wadda mutanen yamma suke furtawa 'gewaya', akwai 'zaga' da 'zagaya', akwai 'ratse', 'kauce', 'baude', 'tsallake', 'zille' da 'waske'. Bisa tsarin giredin aikatau wanda F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, saiwa ɗaya takan ba da ma'anoni dabam-dabam gwargwadon wasalin ƙarshe da karin sauti. Ga misalai:

(1) Hakimi ya kewaya gari.
(2) Mayaƙa sun kewaye gari.
(3) Falke ya kewaye gari ya wuce.
(4) Ayari ya kewayo ta arewa.
(5) Wannan fadama ba ta kewayuwa.

A jimla ta (1) hakimi a cikin garin yake, yana dubawa. A ta (2) an yi wa garin zobe, kuma wannan ita ce ainihin tsohuwar ma'anar kalmar Latin da muka ambata. A ta (3) siffar aikatau ɗaya ce da ta (2), amma falken bai ko taka ƙofar garin ba. Abin da ya raba su shi ne mai aikatawa: taron mayaƙa sukan kewaye abu don su kama shi, mutum ɗaya yakan kewaye shi don ya tsira daga gare shi. Haka kuma 'ratsa' da 'ratse' saiwarsu ɗaya, amma wanda ya ratsa gari ya bi ta tsakiyarsa ne, wanda ya ratse kuwa ya saki hanya ya bi gefe.

Ban da wannan, 'kewaya' ta shiga cikin maganar kunya, inda mutum zai ce bari ya kewaya, har aka sami 'makewayi'. Ta shiga bayanin wuri, kamar a 'Kano da kewaye'. Ta shiga siffanta magana, inda ake ce wa wanda ya ƙi fitowa fili ya bar kewaye-kewaye. Sai dai abin da ya fi damunmu a nan shi ne hukuncin da kowace kalma take ɗauke da shi, na yabo ko na zargi, kuma wannan hukunci tarihi ne ya ɗora mata shi.

4.0 Shaidar Tarihi

4.1 Matafiyi da haɗari

Gaya tsohon gari ne. Labarin gargajiya ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka fito. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanyoyi daga Borno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo ya zama Sarkin Gaya. Ke nan tun ƙarni na 15 fuskar Gaya tana duban gabas, kuma tana cikin garuruwan da suke tsakanin Kano da Borno.

Abu na farko da yake tare matafiyi a wannan yanki shi ne ruwa. Kogin Kano da na Challawa sukan haɗu kafin Wudil, daga nan ruwan ya nufi arewa maso gabas ta wajen Ringim zuwa Haɗeja. A da, da rani kogin yakan janye ya bar rairayi, a ƙetare shi da ƙafa da jakuna. Da damina kuwa sai dai a nemi masu fito, ko a bi gaɓa har a sami mashigi. Wannan tsari ya sake bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin sakin ruwa daga madatsun ya sa kogin ya daina ƙafewa kamar da. Manomin da kakansa yake yanke wa ta cikin rairayi da rani, shi sai ya shiga kwalekwale ko ya zagaya ta gada. A nan babu wanda zai ga laifin mai zagayawa. Abin da Bahaushe ya ce game da shi sananne ne: hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abu na biyu shi ne yaƙi. Tsakanin Kano da Borno hanya ba ɗaya ba ce. Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya biyo ta Katagum da Garko ya shiga Kano a watan Janairu na 1824. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya tashi daga Kano zuwa Kukawa a 1851, ta Gumel ya bi, can arewa da kogi. Samun hanya fiye da ɗaya shi ne ya ba fatake damar zaɓi duk lokacin da wata ta ɓaci, kuma a ƙarni na 19 sun sha ɓaci. A 1826 zuwa 1827 Shehu Laminu na Borno ya kawo yaƙi gabashin daular Sakkwato har ya shigo ƙasar Kano. Daga wajen 1848 zuwa 1863 Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya dinga kai hari gabashin Kano. Daga kudu kuma ga Ningawa, waɗanda suka addabi kudu maso gabashin Kano tun daga zamanin Ɗan Maje har zuwa na Ɗan Yaya, abin da ya sa Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ɓata shekaru da dama na mulkinsa yana yaƙi da su da ƙarfafa garuruwan ribaɗi. A 1893 zuwa 1894 kuma aka yi Basasar Kano, inda Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, maƙwabciyar Gaya.

A irin wannan hali sanin inda za a ratse ilimi ne, kuma akwai masu shi. Ayarin fatake yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya binciko hanya, yana da uban dawaki. Ba a auna gwanintar madugu da yawan faɗan da ya yi. Ana auna ta ne da yawan dukiya da rayukan da ya kai zango lafiya. Saboda haka a wannan mataki na farko, 'ratse' da 'kewaya' da 'kauce' duk kalmomin yabo ne, domin abin da aka kewaye ba shi da wani haƙƙi a kan matafiyi. Kogi ba ya bin kowa bashi, haka ma ɗan hari.

4.2 Talaka da haraji

Hukuncin yakan sake da zarar abin da ya tare hanya ya zama mai da'awar haƙƙi. A nan ma Tarihin Kano ya ba mu misalai biyu masu amfani, kuma na farkon a Gaya ya faru. A zamanin Sarki Daɗi (1670–1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara uku bai kai wa Kano haraji ba. Wannan ba kewayewa ba ce, ƙi ne a fili, kuma sunansa tawaye. Sarkin Kano bai fita da runduna ba, sai ya jawo shi da lallashi zuwa ganawa, aka kashe shi. Abin da Daɗi ya yi shi ne ainihin abin da 'circumvent' take nufi a Ingilishin wancan zamani. Amma Bahaushe ba zai ce Daɗi ya kewaye Farin Dutse ba, sai dai ya ce ya yaudare shi, ko ya yi masa hila. Wannan kisa bai yanke tasirin Gaya a fada ba, domin Mariyama 'yar Farin Dutse ita ta haifi Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda a zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a Kano.

Misali na biyu ya biyo bayan wannan ba da jimawa ba. Sharefa ya ƙago haraji iri-iri, magajinsa Kumbari (1731–1743) kuma ya tsananta karɓa a Kasuwar Kurmi har kasuwar ta kusa mutuwa. Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fice zuwa ƙauyuka. Babu wanda ya ɗaga takobi. Ciniki ne kawai ya sake hanya, ya bar mai karɓar haraji zaune a bakin kasuwa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wajen 1846, Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a kan rigimar kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi. Daga wannan ƙaura ce aka sami Ningawan da muka ambata a baya. Watau waɗanda suka kauce wa haraji su da zuriyarsu ne suka zama haɗarin da fatake suke kaucewa.

Zuwan Turawa bai kawar da wannan ja-in-ja ba. Bayan cin Kano a 1903 Gwamna Lugga ya ɗora wa ayarin fatake kuɗin hanya, kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi, har zuwa kashi 15. Fatake suka yi abin da suka gada, suka riƙa barin manyan hanyoyi inda aka kafa wuraren karɓa, kuma a 1907 aka soke wannan kuɗi. Makiyaya su ma sun san yadda ake kaɗa shanu zuwa wata gunduma in lokacin ƙidayar jangali ya gabato. Haka nan a zamanin hukumar cinikin gyaɗa, wadda aka kafa a 1949, duk shekarar da farashinta ya yi ƙasa, gyaɗa takan sami wata hanya, ko dai ta shige gidajen mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli, ko kuwa ta ƙetara iyakar Nijar in farashin can ya fi.

A wannan mataki ne Hausa ta samar da kalmomi masu baki biyu. Hukuma takan ce an bi ta ɓarauniyar hanya, watau ta jingina sata ga hanyar kanta. Ana kuma cewa 'fasa-ƙwauri', kalmar da take nuna wahalar mai ratsa daji da ƙaya da kututture, wadda a cikinta akwai zargi amma akwai ɗan tausayi. Daga baya aka aro 'sumoga' daga Ingilishi. Shi kuwa mai yin abin, in ka tambaye shi, cewa zai yi ya zille, ko ya yi dabara. Aiki ɗaya ne, amma sunansa ya danganta da bakin da ya faɗe shi.

Malamai ma suna da tasu kalma, watau 'hila', wadda aka aro daga Larabci. A fiƙihu tana nufin bin zahirin hukunci don a kuɓuce wa manufarsa. Misalin da aka saba bayarwa shi ne na mai dukiyar da zai kyautar da wani sashe nata dab da cikar shekara don ta gaza nisabi, sa'an nan ya karɓo abinsa bayan lokacin zakka ya wuce. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ba ta yarda da wannan ba, tana ganin zakkar tana nan a kansa, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna. A ganinmu babu wata kalmar Hausa da ta fi 'hila' kusa da 'circumvent' ta harshen lauyoyi, domin dukansu biyu suna nufin wanda bai karya doka a zahiri ba amma ya tozarta abin da aka kafa ta dominsa.

Akwai kuma kewaye mutum. A kasuwar shanu irin ta Wudil, wadda take ci ran Juma'a, in mai saye da mai sayarwa suka ƙulla ciniki a bayan idon wanda ya haɗa su don kada su biya la'ada, sai a ce sun zagaye dillali. In talaka ya kai ƙara gaban hakimi bai biya ta wurin mai unguwa da dagaci ba, sai a ce ya tsallake su. Ingilishi yana iya amfani da 'bypass' a wuraren nan biyu, amma Hausa ta bambanta su: na farko tauye haƙƙi ne, na biyu rashin ladabi ne ga tsarin sarauta.

4.3 Hanya da gari

Mataki na uku shi ne baƙo. A tsohon tsari, hanya don gari aka yi ta. Takan tashi daga ƙofar wani gari ta faɗa ƙofar wani, a tsakani akwai zango da rijiya da kasuwa. Mutum yana iya kewaye gari don wani dalili nasa, amma hanya ba ta kewaye gari. Hanyar jirgin ƙasa ce ta fara karya wannan ƙa'ida, domin mai auna ta ba ya tambayar tsufan gari ko darajar sarkinsa. Abin da yake dubawa shi ne shimfiɗar ƙasa, da yawan gadojin da za a gina, da inda kaya suke.

Dogo ya iso Kano a 1911. Da aka miƙa shi gabas, sai ya bi arewa da kogi, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Garin Gaya yana kudu da kogin, saboda haka ruwa ya shiga tsakaninsa da tasha. Ba Gaya kaɗai abin ya shafa ba. Haɗeja, duk da girmanta, dogo bai shiga cikinta ba, sai Malam Madori ta zama tasharta, kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantuna a can. Da aka zo kai dogo Borno kuma, ba a bi tsohuwar hanyar fatake daga Kano ba sam. Daga Kuru ta ƙasar Jos aka ja shi, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Ƙasar Gaya ta zauna a tsakanin layi biyu, babu wanda ya taɓa ta. Babban titin mota ma, bayan ya haye gadar Wudil, reshensa ɗaya kudu maso gabas ya karkata ta Birnin Kudu.

Sakamakon haka a bayyane yake. Garin da yake bakin tasha ko bakin gada yakan sami 'yan kasuwa da baƙi da ma'aikata, wanda aka bari a gefe kuwa sai ya ɗora amfanin gonarsa a kan jaki ko raƙumi ya kai wa wancan, kuɗin dakon kuma daga aljihun manomi yake fita. Ba mu ce hanya ce kaɗai take ɗaga gari ko ta kwantar da shi ba, domin al'amura sukan juya. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 da mai da Dutse babban birninta ya ƙara wa titin da ya bi ta Gaya muhimmanci. Ta fuskar sarauta kuma an ɗaga Gaya zuwa masarauta a 2019, aka rushe a 2024, sa'an nan a cikin shekarar aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Abin da muke son fitarwa shi ne, a wannan mataki an sami jimlar da a da ba ta da ma'ana:

(6) Hanya ta kewaye garinmu.

A nan mai aikatawa hukuma ce, abin da aka kewaye kuwa mutane ne, kuma su ne masu ƙorafi. Gari, wanda shi ne maƙasudin tafiya a da, ya zama abin da yake tare ta.

5.0 Shigowar 'Baifas'

Wannan sabon abu shi ya zo da sabuwar kalma. Matafiyin da ya taso daga Gafasa ko Gaya, ya haye gadar Wudil ya nufo Kano, a Hotoro zai tarar da titin da ya taso daga titin Zariya ya nufi titin Haɗeja, wanda aka gina don manyan motoci su wuce ba tare da sun kutsa cikin gari ba. Direbobi da 'yan kamasho suna kiransa Baifas. An hausance kalmar bisa ƙa'idar da aka saba, inda 'p' takan koma 'f', kamar yadda aka yi a 'fasinja' da 'fensir' da 'fakin'. Haka kuma ba ta shigo a matsayin aikatau ba, sai a matsayin suna. Hausa ba ta cika aron aikatau kai tsaye ba, in ban da 'yan kaɗan irin su 'canza'. Abin da ta fi yi shi ne ta ɗauki kalmar ta haɗa ta da 'yi', kamar 'yi ribas' da 'yi fakin'.

Abubuwa biyu sun sami kalmar bayan shigowarta. Na farko, birnin Kano ya bunƙasa har ya haɗiye titin, gidaje da kasuwanni da gidajen mai suka yi masa layi hagu da dama, ya zamana mutum yana iya cewa a Baifas yake zaune. Kalmar ta koma sunan wuri, ma'anarta ta asali ta dushe. Na biyu, ta shiga harkar wutar lantarki:

(7) An kama shi ya yi baifas.
(8) An kama shi yana satar wuta.

Jimlolin nan biyu abu ɗaya suke bayyanawa, watau jona waya ta bayan mita don kada ta ƙirga. Amma ta (7) ta fi sauƙi a kunne, domin kalmar aro ba ta ɗauke da nauyin da 'sata' take ɗauke da shi. Wannan ya nuna mana wani amfani da ake yi da kalmomin aro wanda ba a cika kula da shi ba, watau sakaya laifi. Mai fassarar da ya zaɓi (7) a inda ya kamata ya zaɓi (8) ya sassauta hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ganin mai fassara ba zai tsira da kalma ɗaya ba. Kafin ya zaɓa, ya kamata ya tambayi kansa wane ne ya kewaya da kuma abin da aka kewaye, sa'an nan ya bi wannan rabo:

(a) In abin da ya tare hanya ba shi da haƙƙi a kan mai wucewa, kamar kogi ko rami ko ɗan fashi, sai a ce 'kewaya', 'zagaya', 'ratse' ko 'kauce wa'.
(b) In doka ce aka bi zahirinta aka tozarta manufarta, 'hila' ce ta fi dacewa. In kuwa karya ta aka yi a ɓoye, sai a ce an bi ta ɓarauniyar hanya, ko a kira laifin da sunansa.
(c) In mutum ne mai haƙƙi aka yi wa, sai a ce an 'zagaye' shi. In mai muƙami ne a cikin jerin shugabanni, an 'tsallake' shi.
(d) In titi ne da hukuma ta gina, muna da 'titin bayan gari', muna kuma da 'titin zobe' ga wanda ya yi wa gari ƙawanya. 'Baifas' ta riga ta zauna a bakin jama'a, babu amfanin yaƙi da ita, amma a rubutun hukuma da na kotu bai kamata a bar ta ta maye gurbin 'sata' ba.

Muna kuma ba masu aikin ƙamus shawara su riƙa haɗa kowace ma'ana da jimlar misali mai nuna mai aikatawa, domin jera kalmomi biyar a gaban kalmar Ingilishi ɗaya ba ya gaya wa ɗalibi wadda zai ɗauka. Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi fice ne saboda yawan misalansa da kula da bambancin karin harshe, kuma wannan tafarki ne da ya kamata a ci gaba da bi.

Daga ƙarshe muna kira ga ɗalibanmu na tarihi da na harshe, musamman 'yan asalin Gaya da Ajingi, su zauna da dattawan garuruwansu su rubuta sunayen tsofaffin mashigai da zanguna da burtalai, da kalmomin da masu fito da 'yan jakuna suke amfani da su. Titin kwalta da babur suna shafe waɗannan hanyoyi a hankali, kuma in hanya ta mutu, kalmomin da ake bin ta da su ba su daɗewa a bayanta.